Keken da zai dawo min da shi gida

Duk matar da mijinta ke zuwa farauta ta san irin zaman da ake yi tsakanin magariba da isha'i. Kina kwashe tuwo, kina yi wa yara faɗa su wanke hannu, amma kunnenki yana ƙofar gida. Shekara 19 ke nan ina wannan zaman.

Maigidana manomi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, a kudancin jihar Kano. Da damina yana gonar masara. Da an gama kaka kuwa, sai ya ɗauko bindigarsa ta gado ya goge. Ba manyan namun daji yake nema ba. Zomo ne, da zabin daji, da fakara, wani lokaci gyazbi. Mu ci wani, a sayar da wani a sayi sabulu da littattafan makaranta. Dajin Falgore yana kusa da mu, amma gandun gwamnati ne, an hana farauta a cikinsa. Saboda haka shi da abokansa biyu sukan yi nisa ta wani ɓangaren, inda ƙasa ke fara tudu da duwatsu irin na wajen Riruwai. Hanyar ba ta mota ba ce. Wani wuri tsakuwa, wani wuri yashi, wani wuri kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa ya bari.

Da can da babur yake zuwa. Abubuwa uku suka raba shi da babur ɗin. Na farko, ƙararsa tana korar nama tun daga nesa, sai ya ajiye shi ya ƙarasa da ƙafa, hankalinsa kuma yana kan kada a sace. Na biyu, tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, har jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna suka taƙaita hawan babur a 2021, mutum a kan babur da bindiga a bayansa a bakin daji ya zama abin zargi ko ina ne. Na uku shi ne mai. Bayan an cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. Ya zauna ya yi lissafi, ya ga zomo biyu ba sa biyan kuɗin man zuwa da dawowa. Da damina ta zo, ya sayar da babur ya sayi taki.

Daga nan ya koma tafiyar ƙasa. Ya fita bayan sallar asuba, sai hantsi ya yi sosai yake isa wurin. Ya dawo da dare gwiwoyi a kumbure, ni ce mai dafa ruwan zafi da shafa man zafi. Akwai tsohon Phoenix na mahaifinsa a zaure, irin mai birkin ƙarfe. Keke ne mai ƙarko, yana ɗaukar buhun masara zuwa kasuwa, amma ba shi da giya. A kan tudu turawa ake yi, a gangare kuma birkin ba ya riƙewa yadda ya kamata.

A lokacin ina cikin adashi, kuma na daɗe da ƙudurta cewa in kwasata ta zo keken ɗinki zan saya. Har na zaɓi inda zan ajiye shi a ɗaki. Da kuɗin suka shigo hannuna, na kwana biyu ina juya su a raina. A dare na uku, ina shafa masa mai a gwiwa, na ce, “Malam, keke dai za a saya da kuɗin nan, amma ba na ɗinki ba.” Ya ƙi. Na nace. A ƙarshe ya ce bashi ne, zai biya. Na ce na ji.

Babban yaronmu, wanda ba na kiran sunansa, shi ne ɗan boko kuma mai waya a gidan. Shi ya ba mu labarin irin keken da ake kira na hawan dutse. Ya ce a Kalifoniya ta Amurka aka fara shi a shekarun 1970, inda wasu matasa ke gyara tsofaffin kekuna suna tsere da su a gangaren duwatsu, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da wani mai suna Stumpjumper zuwa shaguna. Ya ce har mafarautan can suna shiga da irinsa hanyoyin dajin da aka rufe wa motoci. Ya nuna mana hotuna. Muka ba shi kuɗi, ya raka babansa Kano.

Suka dawo da sabon keke ja, yana ɗaukar ido. Shokozoba a gaba, wani ƙaton sifirin a tsakiya, birki mai faifai kamar na babur, an rubuta giya 21 a jikinsa. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida. Ni kaina na yi murna, musamman da aka ce ya yi sauƙin kuɗi har an sami canji. Na manta da cewa araha ba ta ado.

Tun ranar farko aka ga matsala. Keken ya fi Phoenix ɗin nauyi a hannu, ga shi ba inda za a ɗaura kariya, saboda bayansa motsi yake yi sama da ƙasa. Dole ya goya ruwa da guzuri da duk abin da ya samo a bayansa. In yana hawan tudu kuma, sifirin ɗin tsakiya sai ya riƙa lotsawa yana shanye ƙarfin da yake sa wa feda. Bai yi ƙorafi ba, don ya san da kuɗin wa aka saya.

A mako na uku ne abin ya faru. Ranar abokansa ba su je ba. Aka yi magariba, aka yi isha'i, shiru. Na kira wayarsa, ba sabis. Ƙarfe goma na rufe tuwonsa, na kwantar da ƙananan, na zauna a tsakar gida. Ba a daɗe ba da labarin mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, akasarinsu 'yan jiharmu, kuma hotunan ba su bar idona ba. Na san Uromi ba nan ba ce, amma zuciya ba ta san nisa ba a irin wannan daren. Sha biyu saura, yaron nan ya tashi maƙwabta, maza biyar suka fita da tocila. Sai bayan ƙarfe ɗaya na ji muryoyi. Ga Malam da keke a kafaɗa, ƙafafu duk ƙaya.

Wani ɗan itace ne ya shiga ƙarfen canza giya na baya, wanda ke rataye kusa da ƙasa. Ƙarfen ya lanƙwashe ya faɗa cikin wayoyin taya, ya tsinka wasu, sarƙa ta cije. Tayar baya ta ƙi juyawa gaba ɗaya, ko turawa ba ta yiwuwa. Ya ce ya yi tunanin ya bar shi a daji ya dawo washegari, sai ya tuna keken ɗinkina ne. Wannan maganar ce ta sa ni kuka, ba daren ba.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya haura shekara 40 yana gyaran keke a bakin kasuwa. Ban san abin da ya hana mu tambayarsa tun farko ba, sai dai ganin cewa tsoho ne, kekunan zamani kuma na masu waya ne. Na aika masa. Ya zo, ya zagaya jan keken sau biyu, ya girgiza bayansa, ya ji yana ƙwas-ƙwas. Ya ce, “Ɗiyata, wannan na yawon sallah ne. Kafin ku tambayi kuɗin keke, ku fara tambayar wanda zai gyara shi, da inda za a sami kayansa.”

Ya zauna a kan tabarma ya yi mana karatu, ni da Malam da yaron. Abin da na riƙe shi ne nake so in ba 'yan uwana mata, don sau da yawa kuɗinmu ne ke shiga irin wannan sayayya, ko ta miji ko ta ɗa mai zuwa makaranta ta hanyar daji.

Ya fara da gangar jikin keken. Ya ce akwai na ƙarfe, akwai na alminiyam. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma in ya tsage, mai waldan ƙauye ba zai iya masa komai ba. Na ƙarfe kuwa kowane mai walda zai ɗinke shi. Ya ciro ɗan maganaɗisu na tsohuwar sifikar rediyo daga aljihu. In ya manne, ƙarfe ne. In ya faɗi, alminiyam ne. Ya ce a duba duk mahaɗa da kyau, musamman wuya da ƙarƙashin feda, don a nan tsagewa ke ɓoyewa a bayan fenti.

Sifirin ɗin tsakiya kuma ya ce a bar wa masu tsere, su da ke sayen mai tsada. Na araha nauyi ne kawai da kusoshi masu sassautawa. Mai ɗaukar kaya yana buƙatar keken da bayansa a tsaye yake, mai 'yan ramukan ɗaura kariya kusa da tayar baya. Ko shokozoban gaba ma, in ya cije ko yana rawa, gara wanda ba shi da shi sam.

Taya, ya ce inci 26. Akwai 27.5 da 29, suna da daɗin tafiya a kan duwatsu, amma in ta fashe sai an je birni, alhali 26 ana samunta da tif ɗinta a kusan kowace kasuwar ƙauye. Ta kasance mai faɗi, wajen inci biyu, mai ƙuraje. Bakin hura iskar ya zama mai kauri irin na babur, wanda kowane mai faci zai iya hurawa, ba siririn nan ba. A cikin yashi kuma a ɗan rage iska, taya ta fi kama ƙasa. Maganin tsidau da ƙayar aduwa, ya ce a yanke gefunan tsohuwar taya a shimfiɗa ta a cikin sabuwar, tsakaninta da tif. Keken zai ƙara ɗan nauyi, amma faci zai ragu.

Birki mai faifai yana da kyau a laka, amma farautar Malam ta rani ce. Birkin roba mai waya, wanda ke matse bakin ƙarfen taya, ya ishe shi, robarsa kuma araha ce. Mai aiki da mai kuwa kada ma a kalle shi, don in ya tsiyaye a daji shi ke nan. Game da giya, Kawu ya yi dariya ya ce yawan lamba ba shi ne ba. Abin nema shi ne giya mai laushi ta hawan tudu, wato ƙaramin faranti a gaba da babba a baya, kuma kayan su zama na kamfanin da aka sani irin Shimano, ko da tsofaffi ne. Sai girma: mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafukansa a ƙasa, a sami tazarar kamar yatsu huɗu tsakaninsa da ƙarfen sama. In ba haka ba, ranar da ya diro ba shiri a kan dutse zai ji jiki.

Abu na ƙarshe da ya nuna shi ne wanda da Malam ya sani, da bai kai ƙarfe ɗaya a hanya ba. In ƙarfen giya na baya ya karye, ana kwance shi, a rage tsawon sarƙa da ɗan ƙaramin abin yanke sarƙa, a ɗora ta a kan faranti ɗaya gaba ɗaya baya. Keken ya zama marar giya, amma zai kai mutum gida. Ya sa Malam ya yi da hannunsa har sau uku a tsakar gidanmu.

Muka gyara jan keken muka sayar da shi da asara. Na ƙara da kuɗin akuyata ɗaya. Wannan karon Kawu ne ya raka shi Kano, wurin masu kekunan gwanjo. Suka wuni suna zaɓe. Abin da suka kawo, wallahi da na gan shi sai da gabana ya faɗi: fenti ya koɗe, sirdi ya yage, ba shokozoba ko ɗaya. Yaron nan ya kalle shi ya shige ɗaki. Kawu ya ce, “Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.” Ya canza sarƙa da wayoyin birki da robobi, ya sa sababbin tayoyi, ya ɗaura kariya mai ƙarfi. Ni kuma na ɗinka wata 'yar jaka da hannu, aka rataya a ƙarƙashin sirdi. A ciki akwai tif guda, faci da sholisho, sifana, abin yanke sarƙa da tocila. Famfo yana ɗaure a jikin keken.

Na kafa sharuɗɗa, tunda da kuɗina a ciki, kuma ya karɓa ba gardama. Ba ya fita shi kaɗai. Kafin ya fita zai faɗa min ɓangaren da suka nufa. Bindiga ba ta hawa keke da ɗuri a cikinta. Katin ƙungiyarsu ta mafarauta yana aljihu. In rana ta karkata, a juyo, ko an samu ko ba a samu ba.

Rani guda ke nan yana hawansa. An yi faci sau huɗu, waya ɗaya ta tsinke, duka an gyara su ba tare da an bar ƙauye ba. Tafiyar da ke cin safiyarsa gaba ɗaya yanzu ba ta kai rabin haka ba, kuma na daina dafa ruwan gwiwa. Yaron da ya shige ɗaki don kunya, yanzu duk Asabar yana rumfar Kawu yana koyon ɗaure wayoyin taya, har ya fara kawo 'yan kuɗin cefane.

Keken ɗinkina dai har yau ban saya ba. Malam ya biya rabin bashinsa, sabon zagayen adashi kuma saura wata huɗu ya iso kaina. Wurin da na zaɓa a ɗaki yana nan, na ɗora kwandon kaya a kai kafin lokacin. Da magariba har yanzu kunnena yana ƙofar gida, sai dai yanzu na san abin da nake saurare. Keken yana da wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, in an daina taka feda ana turo shi cikin zaure. Da na ji ta sai in ce wa ƙaramar ta kai wa babanta ruwan alwala.