Ali ko Tyson: gardamar da ba na hana ɗalibaina

Akwai gardamar da ba ta tsufa a fada da bakin makaranta: da Muhammad Ali da Mike Tyson sun haɗu, kowa yana ganiyarsa, wa zai kashe wani? Ba su taɓa karawa ba, Ali ya girmi Tyson da shekara 24. Iyaye da yawa na ganin zancen ɓata lokaci ne. Ni kam malamin makaranta ne, kuma idan yara suka ɗauko shi ba na korarsu. Sharaɗina ɗaya: wanda duk ya ce wane ne gwani, ya kawo dalili.

Magoya bayan Tyson su ke fara ɗaga hannu, don sun ga bidiyonsa a salula. Suna da abin faɗi. A Nuwamban 1986 ya kwantar da Trevor Berbick a turmi na 2, ya ɗauki kambin duniya na masu nauyi yana da shekara 20. A 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Sai mai wayon cikinsu ya kawo hujjar da yake ganin ta rufe baki: Larry Holmes ya doke Ali a 1980, Berbick ya doke shi a 1981, Tyson kuwa ya kashe su duka biyun. Ashe lissafi ya fita?

A nan darasin yake. Nakan tambaye su shekarun kowa ranar wasan. Alin da ya hau da Berbick ɗan shekara 39 ne, jiki ya riga ya gaji, kuma damben ƙarshe ke nan a rayuwarsa. Holmes ɗin da Tyson ya kayar a 1988 ɗan shekara 38 ne, ya kusa shekara biyu bai yi dambe ba. Suna ɗaya ne, amma mutumin ya sake. Yaron da ya gane wannan ya koyi abin da zai amfane shi a jarrabawar BEPC da bayanta: kafin ka gwada abu biyu, duba ko mudun awon ɗaya ne.

Ƴan Ali ma ba na ƙyale su. Nakan tuna musu cewa Henry Cooper ya zubar da shi da naushin hagu a 1963, Joe Frazier ya sake zubar da shi da irin wannan naushi a turmi na 15 a 1971, ya kuma ci wasan. Frazier gajere ne mai kutsawa, kamar Tyson, kuma hagun Tyson ba abin wasa ba ne. Sannan wane Alin ake nufi? Na 1966 mai saurin ƙafa, ko wanda ya dawo a 1970 bayan an hana shi dambe sama da shekara uku saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam?

Idan suka matsa sai na faɗi nawa, nakan ce Ali. Ya fi Tyson tsawo da santimita 13, hannunsa ya fi isa nesa. Ya ci Sonny Liston a 1964 da George Foreman a Kinshasa a 1974, alhali kowannensu ana tsoronsa kamar yadda aka ji tsoron Tyson daga baya. Foreman ya yi ta jibgarsa a jikin igiya har ya gaji, Ali ya gama da shi a turmi na 8. Tyson kuwa, ranar da Buster Douglas, dogo mai dogon hannu, ya ƙi jin tsoronsa a Tokiyo a 1990, ya faɗi a turmi na 10. A ganina turmi huɗun farko na Tyson ne, kuma yana iya gamawa a nan. In Ali ya tsallake su, wasan nasa ne. Amma nakan gaya musu ƙarara: alƙaluman gaskiya ne, hukuncin kuwa hasashena ne, wanda ya fi ni hujja ya kayar da ni.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaron da ya haddace turmin Tyson sau da yawa bai taɓa jin sunan Issaka Daboré ba, ɗan damben da ya kawo wa Nijar lambarta ta farko a wasannin Olimfik, ta tagulla, a Jamus a 1972. Shi ma nakan ba su aikin gida a kansa.

Iyaye, in kun ji ƴaƴanku na wannan musu a zaure, kada ku ce su yi shiru. Ku tambaye su shekara, ku tambaye su inda suka samo labarin. Malamai ƴan uwana, ku gwada ba wannan gardama rabin awa a aji, ku raba allo biyu: abin da ya faru a dama, abin da muke zato a hagu. Za ku ga yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suna neman alli.