Kwanon Da Ba A Tambayar Mai Shi

A unguwar Limawa, cikin garin Minna, akwai wani zaure wanda an fi shekara arba'in ana cin tuwon dare a cikinsa. Mai zauren dattijo ne, tsohon ma'aikacin reluwe. Da an idar da sallar lisha sai yara su riƙa shigowa da kwanuka daga gidaje shida na layin, su jera su a gefen tabarma, su fita. Magidanta su wanke hannu, a jawo kwano guda a buɗe, in an cinye a jawo na biye. Wannan ita ce ciyayya, kuma dattijon nan ya riƙe ta kamar yadda ake riƙon gado.

Minna dai ƙasar Gbagyi ce, wato Gwarawa, amma jirgin ƙasa ne ya tara mata baƙi, tun da layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, ya kuma haɗu a nan da wanda ya taso daga Ikko. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, aka mai da Minna babban birni, sai ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Sakkwato, da yawansu ba su ko kawo iyali ba tukuna. A zamanin nan ne ciyayyar zauren ta kafu. Akan ga tuwon dawa da miyar kuka daga gidan Bakatsine, tuwon shinkafa da miyar wake daga gidan Banufen Bida, wani dare kuwa har sakwarar doyar Paiko. Gwauro da baƙon da jirgi ya sauke da dare duk sun san inda za su nufa.

Ƙa'idar zauren guda ɗaya ce tak: ba a tambayar kwanon wane ne wannan. Ba a yabon miya, ba a kushe ta, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. In an ga mutum shida, kwano biyar, sai kowa ya yi kamar bai iya lissafi ba. Ta haka magidancin da aka kwana ba a hura wuta a gidansa ba yakan zauna ya ci ya ƙoshi, ragowar kuma a aika wa yaransa da sunan an rage, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ɗan farin dattijon, wanda ke aiki a sakatariyar jiha, bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Shi da abokansa a wani gidan abinci da ke Tunga suke cin na rana, sau da yawa har na dare. Ba kuwa za a ga laifinsa ba. Gari ya faɗaɗa daga Canciaga har Bosso, ga ɗaliban jami'ar fasaha da aka kafa a 1983, ga matan aure da ke fita aiki, ga matafiya. Dole a sami inda mutum zai biya ya ci. Shi kansa dattijon ya sha cin abincin masu tuwo-tuwo a bakin tasha lokacin da yake aiki. Sai dai a gidan abinci kowa da farantinsa, kowa da aljihunsa. Wanda ba shi da kuɗi yakan zauna a gefe ya ce, "Bismillah, ku ci, na ƙoshi," kowa kuwa ya san ba ƙoshin ba ne.

Wata rana saurayin ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ai ciyayyar nan zamaninta ya wuce. Wahala ce kawai ake ɗora wa mata." Dattijon ya yi murmushi, bai ce masa uffan ba.

Ana nan sai aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, mudun masara da na shinkafa suka bi shi. Ran 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka tare hanyar Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan tsadar abinci, labarin ya game ƙasa. Amma abin da ke faruwa a cikin gidaje bai shiga jarida ba. A zauren Limawa kwano shida ya koma huɗu, huɗu ya koma uku. To, biyar cikin shida tana ɓoyuwa, amma uku cikin shida ba ta ɓoyuwa. Sai wani tela daga cikin maƙwabtan ya daina fitowa. Daren farko aka ce mura ce, na biyu aka ce aiki ya yi masa yawa, na uku ba wanda ya sake tambaya, domin kowa ya gane.

A cikin makon nan ne saurayin ya dawo gida da wuri, ya tsaya a zaure don ya gaishe su. Ya tarar da dattawa biyar a kan kwano biyu. Yana kallo mahaifinsa ya yi loma uku ya tsame hannu, ya jawo buta, ya ce, "Ku ci, na ƙoshi." Maganar da ya saba ji a Tunga ke nan, yau ga ta a bakin mahaifinsa, a cikin zaurensa. Ya shige cikin gida jikinsa a sanyaye.

Kashegari da yamma ya je gidan abincin kamar kullum, amma bai zauna ba. Ya sa aka zuba masa tuwon shinkafa da miyar taushe na mutum uku, ya ɗaura a babur, ya kai wa mahaifiyarsa. Ita kuwa ba ta tambaye shi kome ba. Ta juye a cikin tsohuwar langa, ta rufe, ta ba ƙaramin yaro ya kai zaure bayan lisha, aka jera ta tare da sauran.

Da dattijon ya ga kwano ya ƙaru, sai ya sa takalmi ya tafi ƙofar gidan telan ya yi sallama. Ya ce, "Malam, tuwo yana hucewa, mu kuwa ba mai sa hannu sai ka zo." Telan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yau ma ba a ɗora tukunya ba." Dattijon ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Ya kama hannunsa suka taho.

A daren nan kowa ya ji miyar ba ta gida ba ce, domin mai ya yi mata yawa, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, ba wanda ya tanka. Har yanzu saurayin yana cin na rana a Tunga, sai dai yakan zauna a tabarmar mahaifinsa da dare, kuma in abokin aiki ya ce masa ya ƙoshi, yakan sa a kawo cokali biyu. Ashe dai ko a tukunyar gida aka dafa, ko a ta kasuwa, abin da zauren ke tsarewa shi ne mutuncin wanda ya rasa. Allah ya rufa asirin kowa, amin.