Farin Ruwa a Jinja

Masu tuƙa kwalekwale a kan koguna masu gangara sun kasa haɗarin ruwa kashi shida. Mataki na ɗaya ruwa ne mai lumana wanda ko yaro zai ratsa shi. Na shida kuwa ko gwanayen ma kauce masa suke yi. Inda kogi ya yi karo da duwatsu ya tashi da kumfa shi suke kira farin ruwa. A shekarar 2010 mu bakwai muka shiga irin wannan ruwa a Kogin Nilu, kusa da Jinja ta ƙasar Yuganda, inda kogin yake fitowa daga Tafkin Biktoriya.

Kwalekwalen na roba ne da ake hura wa iska. Kowa aka ba shi filafili guda da hular kwano da rigar da ke hana nitsewa. Jagoranmu, wani saurayi ɗan yankin, yana zaune a baya, kuma tun ruwa na kwance ya sa muka kifar da jirgin da gangan, domin kowa ya san yadda ake fitowa daga ƙarƙashinsa. Umarninsa bai fi kalmomi kaɗan ba: gaba, baya, tsaya, durƙusa. A cikinmu akwai malamin da ya haifi wannan yaro, amma ba a ji ya yi masa musu ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne cewa ƙarfin mutum ɗaya ba ya amfanar kowa a nan. Idan na dama suka fi na hagu zuba ƙarfi, sai jirgin ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, daga nan kuma sai kifewa. Mai tsoro da ya daina tuƙi a tsakiyar gangara ya fi ragon da bai iya ba illa, domin gudun jirgin ne yake huda kumfar. A Bujagali ruwan ya haɗiye mu, muka fito muna tari, kowa na ƙirga kawunan 'yan'uwansa kafin ya tuna da filafilinsa. A Itanda kuwa jagora ya ce a fito, muka ɗauki jirgin muka zagaye sashen sama da ƙafa, ba wanda ya ji kunya.

Gangarar Bujagali babu ita yau. A 2012 aka ƙaddamar da madatsar ruwa mai ba da megawat 250, tafkinta ya shanye wurin, wanda Basoga suke girmamawa a matsayin mazaunin iskoki. A 2019 madatsar Isimba ta cinye wasu gangarorin a can ƙasa. Tun a 1954 ma madatsar farko ta Jinja ta binne magangarar Ripon, wadda Bature Speke ya isa a 1862. Mu da muka yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai ba mu da bakin cewa kada Yuganda ta nemi lantarki. Amma kuma matasan da suka koyi karanta wannan ruwa dutse bayan dutse, suna ci da iyalinsu da shi, iliminsu na wuraren da suka nitse ya tafi tare da duwatsun.

Mu ma an yi mana irin wannan a gida. Gangarar Busa a Kogin Kwara, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, tare da tsohon garin, aka mayar da mutanensa Sabuwar Busa. Matuƙan wannan yanki, har da Sarkawa masu sauka daga Yawuri, da jirgin itace suke bi ta cikin waɗannan duwatsu ɗauke da kaya, ba hular kwano, ba rigar ceto.