Dacewa da Jituwa a Cikin Kwamfutar Tebur

Akwai kalmomi biyu da ya kamata mai niyyar haɗa kwamfutar tebur da hannunsa ya rarrabe tun kafin ya taɓa aljihu: dacewa da jituwa. Murfi ya dace da tukunya idan ya zauna daram a bakinta. Jituwa kuwa sai zama ya yi tsawo ake gane ta, kamar ta maƙwabta. Sassan kwamfuta suna bukatar duka biyun, amma mai kanti, in ya yi ƙoƙari, ta farkon kaɗai yake iya nuna maka.

Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne tarin hirarrakin da nake ɗauka da dattawa, ina saurare ina mayar da su rubutu. Kwamfutata ta hannu ta gaji, da bazara kuma sai ta ɗau zafi ta riƙa jan ƙafa. Albashin malami bai yarda a sayi abu ɗaya sau biyu ba. Ga shi kuma a nan Nijar yawancin sassan sai an yi sautu, wani ya taho da su daga Kano ko Dubai ko Faransa, kuma abin da ya ƙetaro iyaka da wuya ya koma. Don haka na shafe makonni ina karatu kafin in fitar da jika ko ɗaya.

Da masarrafi ake farawa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, domin shi ke yanke hukunci a kan sauran. Kowane masarrafi yana da gurbin da yake zama a kan uwar allo, babban faifan nan da kowane sashe ke jingina da shi. Kamfanin AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, sannan AM5 a 2022. Intel yana da LGA1700 tun 2021, wanda ke karɓar zubi na 12 da na 13 da na 14, sai LGA1851 da ya biyo baya a 2024. Na wannan gurbi ba ya shiga wancan, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Mai tilasta masa zai lanƙwasa 'yan siraran ƙafafun da suka haura dubu, kuma a AM5 da LGA1700 ƙafafun a jikin allon suke, wato allon ne zai tafi.

Daga nan sai RAM, ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke baza aikinta a kai. DDR4 da DDR5 duk ƙafafu 288 gare su, tsawonsu ɗaya, ido ba ya saurin rarrabe su. Tsagar da ke tsakiyarsu ce ba wuri ɗaya take ba. AM4 na DDR4 ne, AM5 na DDR5 ne. LGA1700 ne mai ruɗarwa, domin akwai allunansa masu DDR4, akwai masu DDR5, kuma sunayensu kan yi kama har sai ka duba haruffan ƙarshe. RAM ɗin kwamfutar hannu kuwa gajere ne, ba shi da wurin zama a nan, duk arhar da aka yi maka a kasuwa.

Wannan duka dacewa ce. Jituwa tana farawa ne inda komai ya shiga wurinsa, ka danna maɓalli, fanka ta juya, fuskar kwamfuta ta tsaya baƙi ƙirin. Abu biyu suka fi jawo haka. Na ɗaya, allo irin B450 gurbinsa AM4 ne, Ryzen 5 5600 ma na AM4 ne, amma allon ya girme shi. Idan ba a sabunta BIOS ɗinsa ba, wato ɗan tsarin da ke tada na'urar, ba zai gane baƙon da aka ɗora masa ba. Wasu alluna suna da maɓallin da ke sabunta shi da filashi ko babu masarrafi, wasu sai ka aro tsohon masarrafi. Na biyu, ba kowane masarrafi ke fitar da hoto da kansa ba. Na Intel mai harafin F a ƙarshen sunansa ba ya yi. Ryzen 5 5600 ba ya yi, 5600G yana yi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wanda ya karanta Hausa ya san abin da ƙugiya ɗaya ke yi tsakanin kafa da ƙafa. Ni 5600G na ɗauka, domin aikin sauti da rubutu ba ya neman katin hoto na musamman, kuma a ganina malami ko ɗalibin da ba wasanni ko tace bidiyo zai yi ba, sayen katin ɓarnar kuɗi ce.

Batun akwati ba shi da wuya, ma'auni ne kawai: allon ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244. Ƙaramin allo yana shiga babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami. A duba tsayin fankar masarrafi kada murfi ya ƙi rufuwa. Akwatunan tsofaffin kwamfutocin ofis da suka cika kasuwanninmu su ne abin tsoro, domin da yawansu an ƙera su ne don allon kamfaninsu kaɗai.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne tukunyar wuta, wadda ke karɓar lantarki daga bango ta rarraba wa sassa. Ita ce ba ta ƙara wa kwamfuta sauri, don haka ita ake fara rage wa kuɗi, alhali idan ta lalace takan tafi da wasu. Littattafan da ke zuwa da kaya ba su san Yamai ko Damagaram a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba su san ƙurar hunturu ba, ba su kuma san wutar da za ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ba. Na zaɓi tukunya mai shaidar 80 Plus wadda ƙarfinta ya zarce bukatata, na haɗa ta da batirin ko-ta-kwana, na kuma nemi akwati mai raga a gaba da ake cirewa a kakkaɓe. Wani abin da ba a cika faɗa ba: tukwane masu wayoyin da ake cirewa, wayar wata ba ta aiki a jikin wata, ko da bakinta ya shiga daidai. Tsarin wayoyin a ciki ya bambanta, kuma musanya su yana iya ƙone ma'ajin da shekarun aikinka ke ciki.

Da kayan suka cika, ban fara da akwati ba. Na ɗora allon a kan kwalinsa, na sa masarrafi da fankarsa da RAM ɗaya, na jona wuta, na jira hoto ya fito. Sai da na ga sunan masarrafin da adadin RAM a fuskar BIOS sannan na ɗauko sukudireba.