Awon Albarushi a Ƙasar Gobir

Mu da muka fito daga Sabon Birni da Isa, sau da yawa 'yan'uwanmu a makarantan nan su kan yi mana ba'a, su ce Bagobiri ba ya san kome ba sai faɗa. To, yau muna so mu ba su labarin wata sana'a ta ƙasarmu wadda zafin rai ba ya da amfani a cikinta, watau ɗurin bindigar maharba.

Bindigar maharbanmu ita ce adaka, wadansu su ce bindigar toka, masu barkwanci kuwa su ce harbi-ka-ruga. Asalin irinta daga bakin teku ta hauro, daga hannun fataken Turawa, har maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Ta baki a ke ɗura ta. Maharbi ya kan auna albarushi ya zuba, ya tura tsumma da sandar ƙarfe ya danna, sa'an nan ya sa dalma, ya sake toshewa da tsumma don kada ta zube. In gada ya ke nema ko zabi, sai ya sa ƙananan dalma da yawa. In babban nama ne kamar gwanki, sai curi guda mai nauyi.

Duk asirin aikin a wurin awo ya ke. Kadan albarushi ya kasa, dalma ba ta shiga da ƙarfi, sai dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba mai yanka ta, an yi asarar rai da nama. Kadan kuwa ya yi yawa, sai bindiga ta tsage a hannun mai ita. Mun tashi mun ga dattawa masu gutsurarrun yatsu a kasuwannin ƙasarmu, in ka tambaya sai a ce maka ɗuri ne ya wuce kima. Don haka Sarkin Baka ba ya yarda yaro ya ɗura bindiga sai ya daɗe yana ɗaukar jaka yana kallo.

Da muka shiga karatu sai muka tarar maharban Amurka da Turai ma a kan wannan doka su ke, ko da ya ke kayansu sun sha bamban da namu. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi baƙin albarushi ƙarfi ƙwarai. Da shi ne harsashin bindigar da su ke harbin barewar ƙasarsu ya kan yi gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa guda, alhali dalmar adaka da kyar ta ke kai rabin wannan. Wadansunsu su kan tara kwanson harsashin da suka harba, su sake cika shi da hannunsu a gida. Amma ba su yi da ka. Da sikeli su ke aunawa, wanda ya raba laba guda kashi 7,000, gama ƙari kaɗan ya isa ya fasa bindiga. Wannan ne dalilin da ya sa zuba albarushin harsashin zamani a cikin adaka ganganci ne, ƙarfenta ba ya iya ɗaukarsa. Ban da haka, dokar bindigogi ta 1959 ta hana kowa a Nijeriya ƙera bindiga ko harsashi sai da iznin hukuma.

Akwai wani abu guda da adaka ta koya wa maharbi, wanda bindigar zamani ba ta koyarwa. Tun da harbi ɗaya gare shi, kuma dalmarsa ba ta cin nisa, tilas ya san iska, ya san sawu, ya yi sanɗa har ya kusanci dabba kamar taki hamsin. Mai harbi ɗaya ya kan yi tunani kafin ya taɓa kunama. Dattawan maharba sun hana harbin mai ciki da mai shayarwa, suna cewa don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Dajin Gundumi, wanda ke yamma da Isa, tun dā wurin tsoro ne. Clapperton ya ratsa shi a 1824, Barth kuma a 1853, dukansu da sauri, don gudun mahara. Bayan an sami zaman lafiya ya zama wurin makiyaya da maharba. Amma noma ya ci gefensa, namun daji suka ragu, daga baya 'yan bindiga suka shige shi da bindigogi masu zuba harsashi talatin ba tare da an sake ɗuri ba. A watan Disamba na 1921 ba wanda zai yi mafarkin abin da ya faru a Disamba na 2021, sa'ad da suka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu za mu koma ƙauyukan nan mu koyar da 'ya'yan maharba da na manoma, yaran da suka san ƙarar bindiga tun ba su san baƙi ba. Ya kamata mu zauna da sauran dattawan maharba tun suna da rai, mu rubuta abin da suka sani na daji da na awo, mu karanta wa yaran a aji. Allah ya maido da zaman lafiya a Gobir, amin.