Barcin Bayan Sahur Da Mafarkin Sane

Jama'a masu karatu, akwai wani irin mafarki da mutum kan yi, yana cikinsa tsundum sai ya gane cewa mafarki yake yi, kuma bai farka ba. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi, a 1913. Ni kuwa ina kiransa mafarkin sane. Na lura cewa rabin dabarar samunsa tana hannunmu tun kaka da kakanni, domin mu mutane ne masu tashi cikin dare mu sake kwanciya.

Ga dalili. A 1953 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano cewa barci hawa-hawa ne. Kusan kowane minti 90 mai barci yakan shiga wani mataki inda idanunsa ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsu, a nan ne akasarin mafarkai masu ƙarfi ke zuwa. Wannan mataki gajere ne da farkon dare, amma yakan ƙara tsawo idan asuba ta gabato. Watau wanda ya farka bayan awa 5 ya sake kwanciya, yakan faɗa cikin mafarki da wuri alhali hankalinsa bai gama kwantawa ba.

Da can masana sun yi shakkar abin, sai a 1975 Keith Hearne ya tabbatar da shi a Jami'ar Hull ta Ingila. Ya shirya da wani mai barci cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama, na'ura kuwa ta nuna ya yi hakan yana barci. Daga baya Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford ya tsara dabarar ƙulla niyya kafin komawa barci.

A nan Lafiya ba ma bukatar agogo ya tashe mu. A watan Maris, in wuta ta ɗauke, zafi kaɗai ya isa ya fito da mutum tsakar gida da ƙarfe 3 na dare. Ga direbobin da ke sammakon Makurɗi ko Akwanga, ga kuma watan azumi da kowa ke tashi sahur. Ni kaina a barcin bayan sahur na fara samunsa. Shekaru na yi ina fama da mafarki guda, wai ana bi na a guje ƙafafuna sun yi nauyi. Ran da na gane a tsakiyar gudun cewa mafarki ne, sai na tsaya cik na waiwaya, tsoron ya gushe, tun daga nan kuwa mafarkin ya yi sauƙi.

Hanyar da na bi ba ta da wuya. Da farko ka ajiye littafi da alƙalami kusa da matashinka, kana farkawa ka rubuta abin da ka gani, don ka san alamomin da ke yawan komowa. Na biyu, da rana ka riƙa tambayar kanka ko mafarki kake yi, ka toshe hanci ka gwada numfashi, domin a mafarki numfashin yakan wuce. Na uku, in ka farka bayan awa 5, ka tuna mafarkin da ka baro, ka yi ta maimaita wa zuciyarka cewa in ka sake mafarki za ka tuna mafarki ne, sa'an nan ka kwanta ba tare da duba waya ba. A binciken da Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide ta Ostireliya ya buga a 2017, waɗanda suka haɗa gwajin rana da tashin dare da ƙulla niyya sun dace a kashi 17 cikin 100 na gwaje-gwajensu, waɗanda barci ya ɗauke cikin minti 5 kuwa kusan kashi 46.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan 'yan'uwanmu da mugun mafarki ya hana sukuni, har wasu na kwasar kuɗin cefane suna kai wa bokaye. Addu'ar kwanciya tana nan, neman tsari yana nan, wannan dabara ƙari ce kawai. Mai gwadawa kuma yana iya gamuwa da dannau, watau hankali ya farka jiki bai motsa ba. Kada ya firgita, yakan wuce cikin ɗan lokaci.

Sai dai a yi hattara. Barci hakkin jiki ne, kada a riƙa yanke shi kowane dare. Direba mai doguwar tafiya, da mai fama da rashin barci, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, su bar wannan gwaji, su nemi shawarar likita. Saura kuwa su bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu barci mai daɗi, Ya tsare mu daga mugun mafarki, amin.