Masu Neman Tsintuwa a Bakin Tekun Filorida

 A wannan mako ina so in kai ku Filorida ta ƙasar Amurka, wani yankin bakin teku tsakanin garin Sebastian da Fort Pierce, wanda mutanen wurin ke kira Gaɓar Dukiya.

Ga asalin sunan. A watan Yuli na 1715 jiragen ruwan Sifaniya suka taso daga Kuba, maƙare da azurfa da zinariya. Guguwa ta riske su daura da wannan gaɓa, jirage 11 suka farfashe, ɗaruruwan mutane suka halaka. A ƙarshen shekarun 1950 wani magini, Kip Wagner, ya riƙa tsintar kuɗin azurfa cikin rairayi, har ya sayi tsohuwar na'urar soja ta neman nakiya don ta taimake shi. Sunan kuɗin nan riyal, kuma daga gare shi riyal ɗin da alhazanmu ke kashewa a Makka ya samo suna.

In kin je wurin da asuba, za ki ga maza da mata suna tafe sannu-sannu, kowa da sanda mai faifai a ƙasa, yana kaɗa ta dama da hagu. In faifan ya bi ta kan ƙarfe, sai na'urar ta yi kuka a kunnensa, ya haƙa da wani babban ludayi mai huji kamar rariya. Yawancinsu don nishaɗi su ke yi, amma kamar mahauta da 'yan koli, su ma suna da harshensu.

Da fari su kan duba halin rairayi. In an ce "rairayi ya rufe", watau teku ta jibgo sabon yashi, ta binne kome inda na'ura ba ta kaiwa, gama da ƙyar ta ke jin kwabo in ya wuce zurfin ƙafa ɗaya. Abin da su ke fata shi ne "kat", watau yanka. Iska mai ƙarfi ce ke sa igiyar ruwa ta zaftare yashi, ta bar gaɓa tsaye kamar bakin kogi bayan ambaliya. Abu mai nauyi ya kan nutse ƙasa, saboda haka sai an kwashe na sama ya ke kusantowa.

Tsohon riyal kuwa "kob" su ke ce masa. Da hannu aka yanko shi, aka buga masa hatimi da guduma, don haka ba ya da kewaye sosai. Ruwan gishiri ya kan mai da azurfa baƙa ƙirin, amma zinariya ta kan fito tas. Kuɗin zamani su ne "kilad", don tun 1965 Amurka ta daina sa azurfa cikin ƙananan kuɗinta na sisin goma da na ashirin da biyar. Babban abin haushinsu kuwa ɗan zoben alminiyam da a ke ja a buɗe gwangwanin lemo. Kukansa a na'ura ya yi kama da na zoben zinariya, tilas a haƙa a gani. Wanda ya wuni bai sami kome ba ya kan ce "sikonk" ya fesa shi, wata dabba ce mai wari irin tunku. Inda a ke ta samu kuwa "ramin zuma" ne, ba a gaya wa kowa.

Hukuma ta sa iyaka. An yarda a nema daga gindin tudun yashi zuwa bakin ruwa, amma ba a haƙa tudun, ba a kuma shiga ruwa kusa da ɓaraguzan jiragen.

To, kalmar da na fi so ku riƙe ita ce "layin tawul", watau inda masu wanka ke shimfiɗa tawul su zauna. Mace ta kan tuɓe zobe ta ajiye a kai, ta manta, ta kakkaɓe tawul, shi ke nan. A cikin ruwa kuma sanyi ya kan sa yatsa ta motse, zobe ya sulluɓe. Kun ga tsintuwar nan iri biyu ce. Mai riyal ya shekara 300 da mutuwa, amma mai zobe tana gida tana kuka. Masu mutunci a cikinsu su kan duba sunan da aka zana cikin zoben, su yi cigiya har su mayar, kuma da wannan su ke alfahari.

Mu ma addini ya ce a yi cigiyar tsintuwa mai daraja har shekara guda. Ke 'yar makaranta, in kin tsinci ɗan kunne a bakin famfo, kai wa malama. Ke uwargida, kafin wanki ko zuwa rafi, tuɓe zobenki ki sa a adaka, kada ki ɗaure a bakin zane. Tsintacciyar mage dai ba ta mage.

Allah ya tsare mana kayanmu, ya kuma tsare mu daga na mutane, amin. Sai mako mai zuwa.